Kotu Ta Ja Layi a Tafkin Chadi, Saura Takardar Masunci

Duk lokacin da aka tayar da zancen rikicin iyakar ruwa tsakanin Kamaru da Najeriya, Bakassi ke fara zuwa bakin mutane. Amma mu da ke zaune daga Kusiri zuwa Bulangwa da Darak, a ƙarshen arewacin Kamaru, mun san cewa wani babban ɓangare na waccan shari'a a ƙofar gidanmu yake. Hukuncin da Kotun Duniya ta yanke ranar 10 ga Oktoba 2002 ya taso ne tun daga cikin Tafkin Chadi, ya bi tsaunukan Mandara, ya gangara har Tekun Gini, tafiyar kilomita wajen 2,000. A ganina gwamnatocinmu sun yi abin a yaba musu wajen raba gardamar mallaka. Inda suka yi sakaci shi ne dokar cin moriyar ruwan. Yau an san ƙasar da ke da kowane tsibiri, amma masuncin da ya taso daga Darak da asuba bai san takardar da zai nuna wa sojan da ya tare shi da hantsi ba, domin ruwan da ya bi ya riga ya shigar da shi wata ƙasa.

Sai an san yadda layin ya samo asali kafin a gane inda gizo ke saƙar. Bayan Jamus ta sha kaye a yaƙin duniya na farko, Ingila da Faransa suka raba Kamaru tsakaninsu da sanarwar Milner da Simon ta 1919. Gwamnonin mulkin mallaka biyu, Thomson da Marchand, suka ƙara fayyace ta a 1929 da 1930, sannan ƙasashen biyu suka tabbatar da ita da musayar wasiƙu a 1931. A lokacin, layin da ke cikin tafkin miƙaƙƙen zane ne a kan ruwa, babu gona babu rumfa, don haka babu wanda ya damu da shi. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye shi har ya koma ƙasa da 2,000 a wasu shekarun, ya kuma rabe shi gida biyu, kwarin arewa da kwarin kudu. Inda dā ake tuƙa kwale-kwale sai ga tudu, sai ga ƙasa mai laka wadda masara da wake ke yi a cikinta ba taki. Masunta suka bi ruwa, manoma suka bi masunta, Hausawa da Barebari da Larabawan Shuwa da Kotoko da Musgum, har da mutanen Mali. Daga baya hukumomin jihar Borno suka bi mutanensu da makaranta da 'yan sanda da mai karɓar haraji. Da yawa daga cikin waɗanda suka kafa waɗannan tungaye ba su taɓa tunanin sun ƙetare wata iyaka ba.

Jini ya zuba tun kafin a je kotu. A 1983 sojojin Chadi da na Najeriya suka gwabza a kan wasu tsibiran tafkin, kuma wannan faɗa ne ya sa Hukumar Tafkin Chadi, wadda ƙasashe huɗu, Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya, suka kafa a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, ranar 22 ga Mayu 1964, ta ɗauki aikin shata iyakokin cikin ruwa. Masu safiyo na Faransa suka yi aikin tsakanin 1988 da 1990, suka kafa turaku. Najeriya ba ta rattaba amincewar ƙarshe a kan sakamakon ba. A 1994 Kamaru ta kai ƙara kan Bakassi, bayan 'yan watanni ta haɗa da yankin tafkin da sauran iyakar baki ɗaya.

Hujjar Najeriya a kan Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita ita ce zama da mulki: mutanenta ne a wurin, ita ke gudanar da su shekara da shekaru. Kotu ta ce a'a. Inda akwai rubutacciyar yarjejeniya da ta nuna mai wuri, zama a wurin ba ya shafe ta. Ta ajiye mahaɗar ƙasashe uku, Kamaru da Najeriya da Chadi, a digiri 13 da minti 5 arewa, kusan digiri 14 da minti 5 gabas, daga nan miƙaƙƙen layi zuwa bakin kogin Ebeji, wanda muke kira El Beid. Shi ma bakin kogin sai da aka yi ta ja-in-ja a kansa, domin kogin ya rabu rassa kuma tafkin da yake zuba a ciki ya gudu ya bar shi, don haka kotu ta ɗaure shi da lambobi maimakon ta bar shi a hannun ruwa. Na san wannan hukunci ya yi wa mutane da yawa ɗaci, musamman waɗanda suka kwana a Najeriya suka wayi gari a Kamaru. Duk da haka ina ganin daidai ne. Da kotu ta ce mai zama shi ne mai wuri, da kowane fari sabuwar iyaka zai haifa, kuma ƙasar da ta fi yawan jama'a da yawan sojoji ita ce za ta riƙa cin tudu duk lokacin da ruwa ya ja.

A maganar iyakar teku kuwa, garin Marwa na arewacin Kamaru ne ya shiga tarihi. Ranar 1 ga Yuni 1975 Ahmadu Ahidjo na Kamaru da Yakubu Gowon na Najeriya suka sa hannu a Marwa kan sanarwar da ta tsawaita layin teku daga wuri na 12, inda yarjejeniyar Yawunde ta 1971 ta tsaya, zuwa wani wuri da aka yi wa laƙabi da G. Ƙarshen Yuli aka hamɓarar da Gowon. Waɗanda suka biyo bayansa suka ce majalisar ƙoli ta soja ba ta amince da takardar ba, saboda haka ba ta hau kansu ba. Kotu ta ce sa hannun shugaban ƙasa ya ɗaure ƙasa, kuma ba aikin maƙwabci ba ne ya bi diddigin dokokin cikin gidan wani. Darasin a nan na ma'aikatun harkokin waje ne: yarjejeniyar iyaka da ba a kai ta majalisa ba, ba a buga ta a jaridar gwamnati ba, ba a yi mata rajista a Majalisar Ɗinkin Duniya ba, tana nan daram a idon doka amma a siyasa kwanan kura take yi, ranar da aka sauya gwamnati za ta farka.

Akwai kuma matsalar taswira, wadda 'yan siyasa ba sa son ji domin ba ta da daɗin jawabi. Layin 1971 an zana shi ne da hannu a kan taswirar sojan ruwan Ingila mai lamba 3433. Tsohuwar taswira irin wannan ba ta dace da ma'aunin da na'urar GPS ke aiki da shi a yau ba, wato WGS 84. Kaurin bakin alƙalami kaɗai a kan takarda yana iya zama mita da dama a kan ruwa, kuma idan ba a daidaita ma'aunin ba, lambobi iri ɗaya za su nuna wurare biyu daban. A wurin da ke da rijiyar mai, wannan tazara kuɗi ce mai yawa. Sai da masu safiyo na ƙasashen biyu suka shiga jirgi suka auna wurare a zahiri, suka mayar da tsofaffin lambobin zuwa sabon ma'auni, kafin a rufe maganar layin teku a 2007.

Shi teku yana da doka, yarjejeniyar 1982 da aka sa wa hannu a Montego Bay. Ƙasa tana da cikakken iko a kan mil 12 na ruwa daga gaɓarta, mil ɗaya na ruwa kuwa mita 1,852 ne, sannan tana da haƙƙin kifi da mai har mil 200. Idan gaɓar maƙwabta ta yi kusa har rabonsu ya hau juna, alƙalai sukan fara da jan layin da ya raba tazara daidai, su duba ko akwai wani dalili na yanayin gaɓa da zai sa a gusa shi, sannan su gwada ko rabon ya yi mummunar karkata idan aka kwatanta da tsawon gaɓar kowa. Kamaru ta roƙi a tausaya mata domin gaɓarta ta lanƙwashe ciki, ga kuma tsibirin Bioko na Gini Ikwatoriya a gabanta, tazarar kilomita 30 da 'yan kai. Kotu ba ta gusa layin ba. Najeriya ta ce a duba inda kowace ƙasa ta riga ta ba kamfanoni izinin haƙar mai, nan ma kotu ta ce izinin haƙa ba iyaka ba ne, sai in akwai yarjejeniya a bayansa.

Wannan magana ta izinin haƙa ita ce ramin da ƙasashen gaɓar Afirka ta Yamma ke faɗawa. Ana yanka teku a sayar wa kamfanoni kafin a ja layi, ranar da mai ya fito sai maƙwabci ya tuna da tsohuwar takarda. Gana ta gamu da haka: a 2015 kotun dokar teku ta hana ta haƙa sababbin rijiyoyi a yankin da Kodebuwa ke ja da ita, har zuwa hukuncin 2017 wanda ya fi karkata gare ta. Najeriya da Sao Tome kuwa sun bi wata hanya a 2001. Suka ajiye gardamar layi, suka ware yankin su riƙa cin moriyarsa tare, kashi 60 na Najeriya, kashi 40 na Sao Tome. Dokar teku da kanta ta buɗe wannan ƙofa a sashe na 74 da na 83: ƙasashe su yi shirin wucin gadi na aiki tare, ba tare da ya taɓa haƙƙin mallakar kowa ba. A riƙe wannan, domin shi ne abin da tafkinmu ke buƙata.

Abin da ya sa hukuncin 2002 bai zama takarda kawai ba shi ne aikin da aka yi a bayan fage. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya haɗa Paul Biya na Kamaru da Olusegun Obasanjo na Najeriya a kusa da Paris a watan Satumba, wata guda kafin hukuncin, ya karɓi alkawarinsu tun ba wanda ya san inda za ta faɗi. A Nuwamba ya sake haɗa su a Geneva, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu. Dabararta ita ce fara cin tuwo daga gefe. A Disamba 2003 aka miƙa ƙauyuka sama da 30 na yankin tafkin ga Kamaru, ita ma ta miƙa wa Najeriya nata rabon. A 2004 aka yi musayar Narki da Burha-Wango da Ndabakura. Bakassi, mai zafin, sai a ƙarshe: yarjejeniyar Greentree ranar 12 ga Yuni 2006, miƙa mulki gaba ɗaya ranar 14 ga Agusta 2008, wa'adin riƙon ƙwarya ya cika a 2013. Chadi ma ta san daɗin wannan hanya, domin hukuncin Fabrairu 1994 ne ya dawo mata da zirin Awzu, kuma kafin ƙarshen Mayu sojojin Libiya sun fice a gaban masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya.

To, a duba abin da Greentree ta rubuta wa masuntan Bakassi. Ba za a kore su ba, ba za a tilasta musu sauya ƙasa ba, za su ci gaba da su da noma, za a kiyaye dukiyarsu da haƙƙinsu na gado a kan ƙasa, ba za a ɗora musu harajin da ya bambanta da na sauran jama'a ba. Ko an cika duka ko ba a cika ba, akwai takardar da mutum zai ɗaga. Mutanen tafkin alkawarin da Kamaru ta yi a gaban kotu na kare 'yan Najeriya mazauna wurin kawai suka samu. Ga shi kuma dokar teku ba ta hau kan tafki ba. Kundin ruwa na Tafkin Chadi da shugabanni suka amince da shi a Njamena a 2012 ya yi magana a kan rabon ruwa da kiyaye muhalli, amma bai sauko har cikin kwale-kwale ba.

Ga yadda abin yake a aikace. Kogin Shari da Logon ne ke kawo wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga tafkin. Ruwan yana cika ne bayan damina ta ɗauke, ya kai ƙololuwa a lokacin sanyi, sannan ya fara ja. Tarwaɗa da karfasa suna bin wannan kai-komo, mai taru yana binsu. A kaka guda yana iya yin su a ruwan ƙasashe uku. Kowace ƙasa da nata izinin su, kowane shinge da nasa kuɗin, na jandarma daban, na duwan, wato kwastan, daban, na ma'aikatan ruwa da daji daban, na bulama daban, kuma mafi yawa babu rasit. Idan aka kama shi babu ƙa'idar kwanakin da zai yi a tsare, babu wanda doka ta wajabta a sanar, injinsa da komarsa kuma sai abin da Allah ya yi. Kwandon banda kafin ya isa kasuwa ya riga ya biya rabin kansa. Tun da Boko Haram ta shiga tsibiran abin ya ƙara dagulewa: hukumomi suka riƙa hana su ko hana fataucin kifi a wasu yankuna, 'yan bindiga kuwa suka buɗe nasu shingen suna karɓar kuɗi su bar mutum ya yi aiki. Abin kunya ne a ce mai tayar da ƙayar baya ya fi gwamnati tsayayyen farashi, amma masunta da dama haka suke faɗa.

Gyaran ba ya buƙatar a taɓa layin kotu ko da taku ɗaya. Abu na farko katin su guda, mai hoto da lambar kwale-kwale, wanda kowace ƙasa za ta ba mazaunanta, sauran kuma su karɓe shi. A biya sau ɗaya a shekara, a rubuta kuɗin da sefa da naira a allo a kowace tashar jirgi, a raba abin da aka tara bisa ƙa'idar da aka amince da ita. A saman takardar yarjejeniyar a rubuta baro-baro cewa katin nan, da gonar da aka ara wa baƙo a bakin ruwa, da shekarun da ya yi yana nomanta, ba su zama hujjar mallaka ga ƙasarsa ba. Wannan jimla guda ita ce ke kwantar da hankalin gwamnati. Tun daga abin da ya faru a Darak, kowane shugaban yanki yana kallon tungar baƙi a matsayin farkon mamaya, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Na biyu, a ari sashe na 73 na dokar teku. Sashen ya ce idan aka kama jirgin su na wata ƙasa, a sake shi da mutanensa ba da jinkiri ba da zarar an ajiye beli mai ma'ana, a sanar da ƙasarsa nan take, kuma laifin su kaɗai ba ya kai mutum gidan yari sai in ƙasashen sun yarda da hakan. Idan manyan jiragen kamfanoni a teku sun samu wannan kariya, mai kwale-kwalen katako ya fi su buƙatarta. A tafki sai a sa wa'adi da kwanaki, a ƙayyade belin gwargwadon girman inji, a rubuta kayan da aka kama a takarda mai kwafi biyu, ɗaya a hannun mai kaya. Wanda ake tuhuma da kai wa 'yan bindiga man fetur ko abinci, wannan shari'arsa daban ce, kada a cakuɗa.

Alamar iyaka a kan ruwa kuwa, kada a ɓata kuɗi a kan tulunan ƙarfe masu yawo irin na teku. Tafkin ba shi da zurfi, ciyawa tana tafiya gungu-gungu da iska, abin da aka dasa a ruwa bana yana iya zama a tsakiyar gonar masara baɗi. Abin da zai yi aiki shi ne a buga lambobin layin a ma'auni guda, a loda su a wayoyin jami'an sintiri na kowane ɓangare, a kuma yarda da wata 'yar tazara a kowane gefe wadda a cikinta gargaɗi ake yi, ba kamu ba.

Sannan zaman sulhu ya bi kalandar ruwa, ba ta ofis ba. Sau biyu a shekara ya isa: kafin ruwa ya cika, a raba wuraren kafa dumba, wato shingen kama kifi, a tsayar da faɗin idon taru da watannin hutun kifi, sai kuma lokacin da ruwa ya fara ja, a raba gonakin bakin ruwa, a fitar da burtalin da shanu za su bi su sha. Dumba tana buƙatar kulawa ta musamman, domin jerin gura da aka gicciya a mashigar ruwa yana hana kifi isa ga na ƙasa, kuma idan na ƙasan ɗan wata ƙasa ne, faɗan mutum biyu ya zama na tutoci biyu. A wannan zama dole a ga lawan da bulama da sarkin ruwa da arɗon makiyaya da matan da ke banda, kusa da jami'an gwamnati da na soja. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da 2021 a yankin Logon-Birni, inda rikicin masunta Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa kan ramukan tara ruwa da kifi, waɗanda shanu ke faɗawa ciki, ya kai har Kusiri, dubban mutane suka haye kogi zuwa Chadi. Rikicin cikin gida ne, amma maƙwabciya ce ta ɗauki nauyin 'yan gudun hijirar.

Za a ce tsaro bai bari ba, kuma 'yan bindiga za su yi amfani da katin su yi yawo. Wannan damuwa ce ta gaskiya. Sai dai a halin da ake ciki sojan da ke sintiri ba shi da wata hanyar bambance masunci da ɗan leƙen asiri sai kallon fuska da jin harshe. Rajista mai hoto wadda bulama ya tsaya wa ta fi wannan nesa ba kusa ba, kuma mutumin da ke da abin da zai rasa ya fi saurin kawo labari.

Jiran ƙasashe huɗu su zauna lokaci guda zai ɗauki shekaru, balle yanzu da Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yaƙi da Boko Haram a 2025. Kamaru da Chadi za su iya farawa su biyu. Suna kashe kuɗi iri ɗaya, man Chadi ta tashar ruwan Kiribi ta Kamaru yake fita, kayanta ta Duwala suke shigowa su haye gadar Ngeli da ke tsakanin Kusiri da Njamena, kuma tun 1970 suna da yarjejeniyar Mundu kan ɗibar ruwan Logon, wato akwai tsohuwar takardar da za a ɗora sabuwa a kanta. A gwada katin da ƙa'idar belin na shekara biyu a kan kogin Shari daga Kusiri zuwa Bulangwa, inda gaɓar nan Kamaru ce, ta can Chadi, a kuma fayyace a rubuce yadda za a yi da tsibiran yashi da ke fitowa tsakiyar kogi idan ruwa ya sauya hanya. Hukumar Tafkin Chadi tana nan Njamena, ita za ta riƙe rajistar, ta fitar da lissafin kamu da saki da kuɗin da aka tara duk wata shida, domin gwamnan Borno da na Difa su ga alƙaluman kafin a gayyace su.